Babur ɗin Baffa Ya Ƙi Hawan Tudu

Naraguta, Jos,
25 ga Oktoba, 2005.

Zuwa ga wana abin girmamawa, Hamma Ashraf,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin wanda ya kamaci ƙani a gaban wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Adda Habiba da yara duka. Barkanmu da shan ruwa. Duk lokacin da aka kusa kiran magariba sai ka faɗo mini a rai, in ce ko yaya Hamma ke fama da azumi cikin zufar Fatakwal, tun da mu da ke cikin sanyi ma muna jin jiki. Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai mu ƙarshen watan lafiya, ya tsare ka a wurin aikinka, ya raba ka da sharrin hanya da na ruwa.

Mu ma nan muna godiya ga Allah. Inna tana nan lafiya, sai dai bayan nan nata da ke tashi in sanyi ya shigo, kuma har yau ba ta yarda ta bar wa kowa tukunyar kunun buɗa-baki ba. Iyalina Hanatu da ƙaramin ɗanmu suna lafiya, ya fara rarrafe, babu abin da ya tsira a ƙasa. Game da 'yarka Murjanatu kuwa, ka kwantar da hankalinka. Tun da ta shigo ajina na fiziks ban ƙara samun hutu ba, domin ba ta karɓar magana sai an nuna mata dalili, ni kuwa babu abin da ke faranta mini rai a wurin ɗalibi kamar wannan. Tana biyo ni da tambaya daga aji har cikin gida, har Hanatu ta ce za ta fara kulle mu waje. Ina da shawara a kan abin da ya kamata ta karanta nan gaba, amma wannan sai mun zauna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ta fi ƙarfin waya, ga shi layinku yana yankewa kafin mutum ya gama gaisuwa, kuma akwai abin da nake so ka riƙe a hannunka. Direban da zai miƙa maka ambulan ɗin nan yana ɗaukar kabeji da karas daga Farin Gada zuwa can, mutumin kirki ne, 'ya'yansa biyu sun bi ta hannuna. A kusurwar ambulan za ka ji wani abu mai tauri an naɗe shi da leda. Kada ka yar. Wata 'yar ƙwayar tagulla ce da ba ta fi ƙwayar masara ba, na ciro ta daga kafiretar babur mai ƙafa huɗun da ka aiko wa mahaifinmu Baffa. Ita ce ta tsaya tsakaninsa da shanunsa, kuma na rasa yadda zan yi da ita.

Zan fara da jikinsa, don kada in ɓoye maka komai. Wurin da aka yanke ƙafar hagu ya warke sarai, yana kai kansa banɗaki da sanduna, yana kai kansa ƙofar gida. Amma wani ɗan gyambo ya fito masa a babban yatsan dama, ya ƙi rufewa. Likita ya duba, ya ƙara magani ya kuma hana shi azumi. Baffa ya fi jin haushin hana azumin fiye da gyambon, ya ce an mayar da shi yaron goye, yana cin tuwo da rana tsaka a bayan labule. Sai dai shi ma ya san da haka waccan ƙafar ta fara, kuma ya san abin da ciwon suga ya yi mata. Shi ya sa yake gaggawa.

Abin da yake so ka san shi, tun da dominsa ka nemo babur ɗin, amma ban tabbata ka san irin nauyin da ya yi a zuciyarsa ba. Yana so ya hau tudu, ya shiga cikin garke, ya ba kowane jika karsanarsa, ya ba 'yan'uwanmu mata nasu, ya dafa bayan kowace da hannunsa ya ce wannan ta wance ce, dattawan ruga suna kallo, da Gidado ɗan ƙaninsa da ke riƙe da garken. Na ce ya faɗa da baki mana a isar wa Gidado. Ya ce boko ya mantar da ni cewa saniya sunan uwarta take ɗauka, suna ɗaya yana kan shanu da yawa, kuma tun da ya kwanta an haifi maruƙan da bai taɓa sa wa ido ba. Ya ce ya ga abin da rabon baki ya haddasa tsakaninsa da 'yan'uwansa bayan rasuwar kakanmu, ba zai bar mana irinsa ba. Shi kuma Gidado ya ce ciyawar kan tudu ta fara bushewa, da an yi sallah da kaɗan dole ya gangara da su ta bayan dutse ya nufi kudu, sai kuma ruwa ya sauka. Babu wanda ya furta, amma kowa a gidan nan yana tambayar kansa ko Baffa zai ga dawowarsu.

Kada ka ce me ya hana a sauko masa da su. Burtalin da ka sani yanzu babu shi. Daga bayan gidajenmu har gindin dutse duk lambu ne, an kewaye kowane kududdufin kuza da kabeji da karas da dankali, ruwan sama na ɗaukewa suke kunna injinan ban ruwa. Abin da ya rage 'yar hanya ce tsakanin kwamai, daidai faɗin babur ɗin. Ka kuma san yarjejeniyar da dattawan ɓangarorin biyu suka yi bayan rikici, cewa garke ba zai sake bi ta nan ba, kuma Baffa yana cikin waɗanda suka ɗora hannu a kai. Mun gwada jaki, da ƙafa ɗaya ba ya iya matse shi, saura kaɗan ya faɗo. Na ari kyamara na hau na ɗauko masa hotunansu ɗaya bayan ɗaya, ina ta murna na samo dabara. Ya jujjuya su a kan tabarma ya ce duk farar saniya a hoto ɗaya ce, hoto ba ya nuna tafiya, ba ya nuna hali. Ya mayar mini da su a jere, ya yi mini godiya.

Ranar da aka sauke babur ɗin daga mota, da ka ga unguwar nan. Inna ta zagaya shi ta ce wannan ai kwaɗo ne aka sa wa taya. Baffa ya shafa tankin ya raɗa masa suna bijimin Fatakwal, ya ce ƙirjinsa ya yi, saura a ga tafiyarsa. Bugu ɗaya ya tashi. A fili yana tafiya lafiya lau, har na zaga da shi bayan masallaci na dawo. Amma da na kama hawan farko na matsa totur, sai ya fara shaƙewa kamar mai mura, hayaƙinsa ya yi duhu, ƙarfinsa ya ragu, da ƙyar ya kai ni sama ni kaɗai. Na cire fulogi na gan shi baƙi ƙirin da kunkunniya, yana warin ɗanyen fetur.

Bari in yi maka bayani yadda nake yi wa 'yan ajina, ka yi haƙuri da halin malami. Aikin kafireta shi ne ta gauraya fetur da iska daidai gwargwado kafin su shiga inji, kamar yadda Inna ke dama fura, in ta yi kauri ba ta shawuwa, in ta tsinke ba ta riƙe ciki. Ƙwayar da ke hannunka, wadda makanikai ke kira jet, ita ke auna fetur ta 'yar hudar da ke tsakiyarta. Ku can kuna bakin teku, iskarku mai kauri ce. Mu nan muna kan tudu, tamu sakayau take. Injin da aka saita don can, in ya hau nan, sai ya ci gaba da shan man da ya saba alhali iska ta ragu masa, shi ke nan sai ya shaƙe. Maganin ba shi da wuya: a rage masa mai kaɗan, a daidaita sukurun iska, a sauke allurar totur mataki ɗaya, in bai isa ba a sa jet mai huda ƙarama da ɗan kaɗan. Na ji daɗi ƙwarai da na gane ciwon, har na kai fulogin aji yara suka yi ta miƙa wa juna. Na ce wa Baffa ya ba ni zuwa ƙarshen mako, don muna cikin gwajin tsakiyar zango.

Baffa bai jira ba. Ina makaranta ya aika aka kira masa wani bakanike mai gyaran baburan acaba a bakin titi. Inna ce ta ba ni labari. Ta ce ya zaunar da mutumin ya yi masa bayani a tsanake, cewa shi ya tsufa yana kiwo, kuma bai taɓa ganin lafiyayyar dabba ta kasa hawa tudu ba sai in yunwa take ji, bijimin nan ya sha doguwar tafiya a bayan mota, a ƙara masa abinci kawai. Bakaniken ya ce Baba ya yi gaskiya, su ma haka suke yi wa 'yan acaba masu son gudu. Ya kwance kafireta a kan tabarma, ya zaro silin waya daga tsohuwar igiyar birki ya soka cikin hudar ya yi ta murzawa, da ya ga bai gamsu ba ya ari allurar ɗinkin Inna ya ƙarasa. Garin ɗaurewa kuma sukudirebarsa ta cinye lambar da aka buga a jikin ƙwayar, wadda da ita ake sanin girmanta. Ban iya ganin laifinsa ba, abin da ya saba ke nan, kuma shi aka sa shi. Ban kuma iya ganin laifin Baffa ba, domin maganarsa daidai take a kan kowace dabbar da ya sani. Da na dawo na tarar babur ɗin ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa, hayaƙi ya kori kajin Inna har maƙwabta. Na durƙusa na gaya wa Baffa cewa ƙoshi ne ke damunsa, ba yunwa ba. Ya ce to a rage masa. Na ce hudar ta riga ta faɗaɗa, ba ta komawa.

Babu inda ban shiga ba a cikin masu sayar da kayan babur na garin nan. Kowa sai ya juya ta a tafin hannu ya ce bai taɓa ganin irin injin ba. Na baburan China da suka cika gari ba su ɗauru ba, haƙoransu ba ɗaya ba ne. Na janareta ma haka. Wani ya ce zai sa a duba mini a Anaca in ɗan'uwansa ya je sayen kaya bayan sallah, na yi masa godiya na fito. Daga nan na tuna da Gyang. Ka san shi, wanda muka yi sakandare tare, mai zuwa gidanmu shan nono har Inna ta sa masa suna ɗan maraƙi. Yanzu yana gyaran janareta da injinan ban ruwa a Anguwan Rukuba. Tun rikici ban taka unguwarsu ba, shi ma bai tako tamu ba, sai ɗaga hannu in mun haɗu a gari. Na aika masa, washegari sai ga shi a bayan acaba da akwatin kayan aikinsa a cinya. Ya durƙusa ya gai da Baffa, ya tambayi Inna ko an bar masa nononsa, ta ce ya zo da azumi ya yi asara. Ya ɗaga ƙwayar ya leƙa ta a hasken rana, ya ce mini da Hausarsa ta Rukuba, oga tica, wannan ba jet ba ne, rijiya ne.

Ya ce dabara ɗaya ya sani, a toshe hudar da dalma a sake huda ta da siririyar allura, amma kada in riƙe shi da alkawari, domin da hannu babu wanda zai san daidai girmanta, sai dai a yi ta gwadawa. Haka muka yi. Ya toshe, ya huda, na sauke allurar totur, muka riƙa juya sukurun iska kaɗan-kaɗan muna kasa kunne har silo ya zauna, injin yana numfashi a hankali kamar kyanwa tana barci. Baffa ya yi murmushi, rabon da in ga haka tun kafin asibiti. Na hau na kama tudu, ya hau da ni ba gardama. Wajen gangarowa ne da na saki totur salansa, wato bututun hayaƙi, ta fara harbi, ɗaya bayan ɗaya, da ƙara irin ta bindiga, dutse kuma yana mayar da amon. Hudar ta yi ƙanƙanta, mai ya yi kaɗan.

Hamma, ka daɗe ba ka zauna a garin nan ba, ba ka san yadda kunnuwanmu suka zama ba. Kafin in kashe injin, matan da ke ban ruwa sun zubar da tiyo sun ruga, wata ta faɗa cikin kwami da goyo a bayanta. Maza suka fito daga gidaje ta ɓangarorin biyu, kowa da abin da hannunsa ya kama. Masu waya suka fara kiran 'yan'uwansu a cikin gari. Aka gaya mini har a Farin Gada wasu sun fara rufe rumfuna, iyaye kuma sun je ƙofar makarantar firamare suna neman 'ya'yansu. Da na shigo gida ban ga Gyang ba, ashe Inna ta ja shi cikin ɗakinta ta tura ƙofa ta zauna a bakinta. Da ya fito ya yi ƙoƙarin yin dariya, ya ce tun yana yaro yake son ganin cikin ɗakin nan, sai yau Allah ya yi. Babu wanda ya iya taya shi. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni mai tsanani, amma na bi gida-gida na ba da haƙuri, kuma har yau ban daina tunanin abin da zai iya faruwa ba.

Da yamma mai unguwa ya kira zama, tare da Baba Pwajok, mai lambun bakin kududdufin farko, wanda ya shekara da shekaru yana karɓar taki a hannun Baffa, kuma dattijo ne a cocinsu. Ba su yi mana faɗa ba. Suka ce babu mai hana tsoho ganin dukiyarsa, amma daga yau kada a sake tayar da injin sai an yi shela a masallaci ranar Juma'a, an kuma sanar a coci ranar Lahadi, kowa ya san ranar da lokacin. Hukuncin daidai ne, ni ma da ni aka tambaya haka zan ce. Sai dai saita kafireta aiki ne na maimaici. Ka juya kaɗan, ka hau tudu, ka cire fulogi ka duba launinsa, ka sake, har ya fito kalar shayi da madara. Abin da mutum zai gama da hantsi ɗaya ya koma gwaji ɗaya a mako. Baba Pwajok ya ce tun da yake a coci bai taɓa tsammanin zai miƙe tsakanin sanarwar aure da ta baiko ya ce jama'a gobe babur ɗin Bafulatani zai yi tari, kada kowa ya gudu.

A gwajin farko bayan shela, Gyang ya ƙara buɗe hudar kaɗan. Bai yi harbi ba, kuma ya hau da ni. Na so a mako mai zuwa in gwada shi da buhun masara a baya, mai nauyin Baffa, in ga yadda zai yi da kaya. Baffa ya ce ba zai zauna buhu ya riga shi ganin shanunsa ba. Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi, ya ce watan yana tafiya.

Litinin ta makon jiya da na taso daga makaranta muka shirya. Mun yanke ƙafafun kujerar roba muka ɗaure ta tamau a kan ƙarfen ɗaukar kaya na baya. Ya sa farar rigarsa ta idi, ya ce a miƙo masa sandarsa ta kiwo, ya ɗora ta a cinya. Murjanatu ce ta ɗaura masa igiyar malafa, tana cewa yau dai mijinta zai je ya kawo mata sadakinta. Ya ce mai karyayyen ƙaho zai ba ta, ita ta dace da mace mai surutu. Ta ce wadda ta haƙura da tsoho mai ƙafa ɗaya ai biyu ta cancanta. Ya yi dariya har da tari. Muka kama hanya, hannunsa a kafaɗata, Gyang yana biye da mu a ƙasa. Masu lambu suka miƙe daga cikin kwamai suna ɗaga masa hannu, yana amsawa da sanda. Mun wuce kududdufin farko, mun wuce na biyu. A babban tsibin ƙasar nan da masu haƙar kuza suka bari, inda hanya ke hawa ta gefen ruwa, muna tsakiyar hawa na ji muryar injin ta sauya. Baƙin hayaƙi ya taso, ya shaƙe, ya mutu. Na damƙe birki da duk ƙarfina, Gyang ya rugo ya cusa duwatsu a bayan tayoyi. Daga baya da muka buɗe muka ga girgiza ta ɓamɓare dalmar, hudar ta koma yadda allurar Inna ta bar ta.

Daga wurin ana hango shanun. Gidado ya tara su a gefen dutse kamar yadda aka yi da shi, farare fat, kamar an shanya kaya. Tsakaninmu da su akwai sauran lambuna da kududdufi na ƙarshe. Ka san kiran nan na Baffa, wanda in ya yi garke duka ke ɗaga kai tun daga nesa. Ya cire malafa ya yi shi. Muryar ta fito, amma ba ta ƙetare ruwan ba. Ya sake, sai numfashi ya yanke masa. Babu wadda ta ɗago.

Samarin lambu suka taru, namu da nasu, suka ce za su tura babur ɗin har can, ko su ɗauke shi da kujerarsa a kafaɗa. Baba Pwajok ya iso yana haki, ya riƙe hannunsa ya ce abokina, ka bari yara su kai ka, ai 'ya'yanka ne. Baffa ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka. Ya ce ya yarda ya shiga garkensa a kan inji domin inji abin hawa ne, amma ba za a tura shi kamar itace a amalanke ba, kuma ɗauka a kafaɗa sau ɗaya ake yi wa mutum, tasa ba ta zo ba tukuna. Ya ce shanun za su gani. Na buɗe baki in yi magana, ya matsa kafaɗata, na fasa. Muka juya babur ɗin a hankali, muka gangaro gida injin a kashe, babu abin da ake ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya.

Gyang ya ce ƙwayar ta sha wuta, bakinta ya fara tsagewa, in ya sake sa mata dalma za ta rabe. Ni kuwa zan iya zana maka kafiretar nan a allo ido rufe, in nuna maka hanyar iska da hanyar mai, in gaya maka abin da ke damunta da abin da zai warkar da ita, amma duk wannan bai matsar da Baffa ko taku ɗaya ba. Yanzu kowace safiya sai ya sa a turo masa babur ɗin ƙofar gida, a juya gabansa wajen dutse, a taimaka masa ya hau kujerar. Nan yake zama da sandarsa a cinya har rana ta yi zafi. Masu wucewa suna gaishe shi, yana amsawa kamar mai shirin tafiya.

Abin da nake roƙonka shi ne ka koma wurin waɗanda suka sayar maka da babur ɗin, ko wurin makanikan da ke kula da irinsu a can, ka nuna musu ƙwayar. Na kwafe rubutun da ke jikin kafiretar a bayan ambulan. Ka nemo jet irin tasa ta asali, da waɗanda ke ƙasa da ita kaɗan in akwai, sababbi ko tsofaffi, muddin ba a taɓa soka musu waya ba. In wani ya ce bari ya wanke maka su, kada ka ba shi. In kafireta ce guda ta samu, ka aiko ta yadda take. Direban zai juyo da zarar ya sauke kaya, ka tambaye shi ranar. Ka tuna kuma ko ta iso sai an jira Juma'a da Lahadi kafin mu taɓa injin. In kuma akwai yadda za ka yi ka samu hutun sallah, ka sa ta a aljihunka ka taho da kanka. Wataƙila abin da ya ƙi ji daga bakina ya ji daga naka.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka riƙa cin sahur mai nauyi, kada ka biye wa shayi. Hanatu tana gai da Adda Habiba, ta ce kanwar da ta yi mata alkawari tana cikin buhun da direba zai ba ku, tare da dankali da 'yar acca. Murjanatu tana gai da iyayenta da ƙannenta, nata saƙon yana tafe daban. Gidado da mutanen ruga suna gaisuwa. Gyang da Baba Pwajok sun ce lallai in sa sunansu. Ka gai da maƙwabtanka da duk wanda ya san mu.

Baffa kuwa na je na durƙusa na tambaye shi abin da zan rubuta maka. Ya ce in ce Allah ya yi maka albarka. Sannan ya ce in abin bai samu ba, ka zo ka hau ka duba masa shanun, ka dafa su a madadinsa, ka sauko ka faɗa masa abin da ka gani. Na fara rubutawa, sai ya ce a'a, in goge wannan, in ce kawai ka yi sauri. Ban goge ba.

Wassalam. Naka ƙani mai ƙaunarka,
Zubair.